Niels Lassen, likitan da ya nuna hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki

An haifi Niels Lassen ranar 7 ga watan Disamba na shekarar 1926 a Kopenhagen, babban birnin ƙasar Danmak. Ɗan gidan likita ne: mahaifinsa ya yi suna lokacin annobar shan inna da ta afka wa birnin a 1952. Shi ma ya kammala karatun likitanci a 1951.

Tambayar da ta ci masa rai ita ce: jini nawa ke ratsa ƙwaƙwalwar mutum, kuma wane sashe ne ke samun nawa? Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. In jinin ya yanke na ƴan mintoci, ƙwayoyinta su fara mutuwa, abin da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki. Ba'amurken nan Seymour Kety ya riga ya samo hanyar aunawa tun shekarun 1940, sai dai ta ƙwaƙwalwa ce dungurungum, ba ta nuna inda matsalar take.

A farkon shekarun 1960 Lassen da abokin aikinsa David Ingvar na birnin Lund a Suwidin suka fara narkar da iska mai fitar da tururin nukiliya a ruwan gishiri, kiriptan-85 da farko, daga baya zenon-133, suna ɗura ta a babbar jijiyar wuya. Na'urori a gefen kai na bin yadda jini ke wanke iskar. Inda ta ɓace da sauri, jini na gudu sosai. Inda ta daɗe, jinin ya yi ƙaranci. Da na'ura mai idanu 254 suka nuna cewa in mutum ya motsa hannu ko ya yi magana, sashen da ke kula da aikin na samun ƙarin jini. Hotunan masu launi da suka wallafa a 1978 sun zagaya duniya.

Amma huda jijiyar wuya ba wasa ba ne. Shi ya sa a asibitin Bispebjerg, inda ya daɗe yana shugabantar sashensa, Lassen da injiniyoyi suka ƙera wata na'ura wajen 1980: mara lafiya ya shaƙi zenon kawai, kwamfuta ta fitar da hoton ƙwaƙwalwa yanka-yanka. Ɗaya ce daga cikin na'urorin farko na dabarar SPECT.

Ba duk abin da ya rubuta ne ya tsira daga suka ba. Zanensa na 1959, mai nuna ƙwaƙwalwa na riƙe gudun jininta daidai ko bugun jini ya hau ko ya sauka, ya shiga littattafan likitanci. Masu bincike na baya sun ce ya haɗa alƙaluman marasa lafiya iri daban-daban ne, kuma kariyar ba ta kai faɗin da zanen ya nuna ba.

Ya rasu ranar 30 ga Afrilun 1997, yana da shekara 70.