Jakob Ammann, telan da Amish suka samo sunansu daga gare shi

In kana yawan leƙa TikTok, da wuya ba ka ci karo da bidiyon Amish ba: masu dogon gemu a Amurka, a keken doki, ba mota, ba wutar lantarki a gida. Da yawa sun ɗauka wanda ya kafa su ne ya haramta musu waɗannan abubuwa. Ina! Jakob Ammann ya mutu tun ba a ƙirƙiro mota ba, kuma bai taɓa taka Amurka ba.

An haife shi a 1644 a yankin Bern na Suwizalan. Tela ne. Ya shiga ɗariƙar Kiristocin da ba sa yi wa jarirai baftisma sai manya, waɗanda hukuma ke ɗaurewa tana kora, daga baya ya koma Alsace.

Rigimarsa ta tashi a 1693 da wani dattijo, Hans Reist. Ammann ya kafe cewa duk wanda aka kora daga coci a ƙaurace masa, ko abinci kada a ci tare. Reist ya ce hana shi Jibin Ubangiji ya isa. Sai Ammann ya kori Reist ɗin da wasu shugabanni. Gaskiya mutumin akwai zafin kai. Bayan 'yan shekaru ya nemi sulhu, har ya amsa cewa ya yi gaggawa, amma ya ƙi janye batun ƙauracewa, sulhun ya watse.

A 1712 Sarki Louis XIV na Faransa ya ba da umarnin korarsu daga Alsace. Daga baya mabiyansa suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania. Har yau, wanda ya karɓi baftisma a cikinsu sannan ya fice, in ya zo gida, a tebur dabam ake zuba masa abinci.