Sarauniya Mangu ta Lugu da fim ɗinta da aka ɗauka a Burkina

A ƙarshen ƙarni na 19, Sarauniya Mangu ce ke riƙe da Lugu, garin Azna da ke cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari a jihar Doso. Sarauniya sunan sarauta ne, na macen da ke kula da addinin gargajiyar garin.

A watan Afrilun 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ke ƙone garuruwa a hanyarta ta zuwa tafkin Chadi, ta iso Lugu. Sarakuna da dama sun miƙa wuya, ita kuwa ta tara maharba aka gwabza. Bindiga ta fi kibiya, Turawa suka ci garin, amma Sarauniya da jama'arta suka shige daji, ba a kama ta ba. Cikin watan Yuli, kusa da Tasawa, sojojin hafsoshin biyu suka juya musu baya suka kashe su.

Tsofaffin Arewa ne suka riƙe labarinta a baki, har Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi shekaru yana fafutukar kuɗin fim. An shirya ɗaukarsa a Nijar, shirin ya wargaje, abin takaici. Gwamnatin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Aï Keïta, ƴar Burkina Faso, ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya fita a 1986, ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987.