Gwarzon Wannan Mako: Louis Brandeis, Alƙalin da Ya Tsaya wa Sirrin Mutane

Yau mun kawo muku tarihin wani Ba'amurke da ya mutu fiye da shekara tamanin da suka wuce, amma tambayar da ya tayar tana nan daram: idan aka ƙera na'urar da ke iya leƙa asirin mutum, wa zai taka mata birki?

An haifi Louis Brandeis ranar 13 ga Nuwamba, 1856, a garin Louisville na jihar Kentucky. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga birnin Prague. Yana ɗan shekara 18 ya shiga sashen shari'a na Jami'ar Harvard. Ana cikin karatu idanunsa suka raunana, sai ya riƙa biyan abokan karatunsa su karanta masa littattafai, shi kuwa yana haddacewa. A 1877 ya kammala, kuma shi ya zo na ɗaya. A 1879 ya buɗe ofishin lauyoyi a Boston tare da ɗan ajinsu, Samuel Warren.

A 1888 aka fito da ƙaramar kyamarar Kodak. Kafin ita, sai mutum ya zauna ya natsu ake ɗaukar hotonsa, don haka da wuya a ɗauke shi bai sani ba. Da zuwanta kowa ya zama mai hoto, ga kuma jaridun tsegumi suna neman abin bugawa. Dokar lokacin tana kare dukiyar mutum, tana kuma hukunta wanda ya yi masa ƙazafi. Amma idan labarin gaskiya ne, sai dai na cikin gida ne, wanda aka tona wa asiri ba shi da inda zai kai kuka.

A watan Disamba na 1890 Brandeis da Warren suka wallafa maƙala a mujallar shari'a ta Harvard kan haƙƙin sirri. Hujjarsu ita ce kowane mutum yana da haƙƙin a ƙyale shi da rayuwarsa, kuma tozarci rauni ne ko da ba a taɓa jiki ko dukiya ba. Suka nuna cewa duk lokacin da fasaha ta sauya, dole doka ta faɗaɗa ta riske ta. A hankali kotuna da majalisun jihohin Amurka suka fara karɓar wannan ra'ayi.

Brandeis ya yi suna wajen kare ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, sau da yawa ba tare da karɓar ko sisi ba, har ake masa laƙabi da lauyan jama'a. A 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya zaɓe shi alƙalin Kotun Ƙoli. Manyan 'yan kasuwa da masu ƙyamar Yahudawa suka yi masa ca. Sai da aka kwashe wata huɗu ana ja-in-ja kafin Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 47 da 22.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1928. Jami'an gwamnati sun yi watanni suna satar sauraron wayar tarhon wani mai fasa-ƙwaurin giya, Roy Olmstead, ba tare da izinin kotu ba. Alƙalai biyar cikin tara suka ce ba a karya doka ba, tunda ba a shiga gidansa ba. Brandeis ya ƙi. Bai ce mutumin ba shi da laifi ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, idan gwamnati ta taka doka don kama mai laifi, ta koya wa kowa raina doka. Ya kuma yi hasashen ranar da hukuma za ta iya karanta takardun mutum ba tare da ta buɗe akwatinsa ba.

An rinjaye shi a ranar. Ya yi ritaya a 1939, ya mutu ranar 5 ga Oktoba, 1941. Sai a 1967, shekara 26 bayan mutuwarsa, Kotun Ƙoli ta warware wancan hukunci, ta ce sauraron waya a ɓoye yana bukatar izinin alƙali.

Ranar da ya hango ita muke ciki. Ƙirƙirarriyar basira tana gane fuska, tana kwaikwayon murya, tana haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta haramta kwasar hotunan fuskokin jama'a barkatai daga intanet don gina rumbun gane mutane. A Najeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida, wasiƙu da maganar waya, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane.

Mu ma abin ya shafe mu. Kyamarar da ta tayar wa Brandeis hankali yanzu tana hannun kusan kowa. Kafin mu ɗauki hoton ɗan ajinmu, ko mu tura muryarsa cikin zauren WhatsApp, mu fara tambayarsa ko ya yarda.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.