Mark Oliphant: Daga Sharar Shago Zuwa Gidan Gwamna

'Yan uwana ɗalibai, na san mu almajiran harshe ne, amma a wannan fitowar na zaɓi in kawo muku tarihin wani masanin kimiyya, duk da wahalar da na sha wajen nemo wa kalmominsa Hausa.

An haifi Mark Oliphant a birnin Adelaide na Ostireliya a 1901. Iyayensa ba masu hali ba ne, har sai da ya yi aikin shara a shagon wani maƙerin kayan ado. A 1925 ya saurari laccar Ernest Rutherford, ya ƙudurta sai ya zama almajirinsa. Ilai kuwa, a 1927 ya isa Kambirij ta Ingila.

Binciken digirinsa na dakta, wanda ya kammala a 1929, shi ya fi jan hankalina. Ƙwayar zarra idan ta rasa ilektiron guda, ana ce mata ayon. Oliphant ya riƙa harba irin waɗannan a kan ƙarfe, yana auna abin da ke fitowa. Da ayon ya kusanci ƙarfen, sai ilektiron guda ya yi tsalle ya cike masa gurbi. Ƙarfin da wannan tsalle ya saki ba ya ɓacewa, wani ilektiron ne ke karɓarsa, ya fice daga ƙarfen gaba ɗaya. In kuma ayon ya zo da gudu ainun, bugun kaɗai ya isa ya fitar da su. Irin waɗannan ne ke sa fitilar niyon ta ci gaba da haske.

A 1934, tare da Rutherford da Paul Harteck, ya nuna cewa ana iya haɗe cibiyoyin zarra biyu. A 1941 kuwa, da ƙafarsa ya tafi Amurka yana matsa wa masana lamba su ƙera bom ɗin nukiliya kafin Jamus ta riga su. Nan ne nake jin nauyin tarihinsa. Mutumin da ya daina cin nama tun yana yaro don ya ga ana yanka aladu, shi ne ya taimaka aka yi makamin da ya ƙone Hiroshima a 1945. Abin ya dame shi, ya koma yana adawa da makaman har ƙarshen ransa.

Ya riƙe gwamnan jihar Ostireliya ta Kudu daga 1971 zuwa 1976. Ya mutu a Kanbera a 2000, yana da shekara 98.