Harold Urey, Malamin da ya Karanta Tarihin Teku a Ɓawon Katantanwa

An haifi Harold Urey a Walkerton, ƙasar Amurka, ran 29 ga Afrilu 1893. Ubansa ya rasu yana da shekara 6. Da ya gama sakandare sai ya yi shekara 3 yana koyarwa a makarantun ƙauye kafin ya shiga Jami'ar Montana. Wannan abin lura ne ga almajiranmu masu ganin turawa ƙauye horo ne.

A 1931 ya gano wani irin haidirojin mai nauyi, aka ba shi Kyautar Nobel a 1934. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shugabanci wani sashe na aikin tace yuraniyom na bam, daga baya kuwa ya yi ta gargaɗi a kan wannan makami.

Aikin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 1947, a Jami'ar Shikago. Oksijin iri-iri ne, akwai mai nauyi da mara nauyi. Katantanwa tana gina ɓawonta da abin da ta ɗiba a ruwa, kuma Urey ya lissafta cewa in ruwan da sanyi, mai nauyin ya fi shiga ɓawon. Watau in an auna ɓawo, an san ɗumin ruwan da dabbar ta zauna ciki. A 1951 shi da abokan aikinsa suka bi zobe-zoben ɓawon wata dabbar teku daga tsibirin Skye, wadda ta mutu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, har suka ƙidaya lokatan sanyi 4 da ta gani.

Amma fa a bakin teku, kamar inda Kwara ta ke zuba, lissafin ya kan rikice, gama ruwan kogi bai kai na teku oksijin mai nauyi ba. Masana na baya suka mai da wannan cikas abin amfani, suna gane shekarun ambaliya da na fari. Ɓawo ya kan riƙe ƙarafa kuma, don haka muna ganin ya kamata masananmu su gwada wannan awo a Kogin Chalawa, inda dauɗar majemu ta ke kwarara.

Urey ya rasu a La Jolla, Kalifoniya, ran 5 ga Janairu 1981.