Abubakar Imam: Yadda ɗan Kagara ya koyi ginin labari daga hikayoyin duniya

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. East ya zaga garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su shiga, kuma bai sami abin da sauƙi ba, domin malaman zamanin sun ɗauki alƙalami a matsayin kayan aikin addini da tarihi da shari'a, tatsuniya kuwa ta tsofaffi ce da yara bayan cin tuwon dare. Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai wani matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara 22, mai suna Abubakar Imam.

An haife shi a 1911 a Kagara, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja, maƙwabciyar Abuja. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, saboda haka da karatun allo da Larabci ya fara kafin boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932 ya kama koyarwa. Wannan haɗin ne jarinsa: Larabcin gida ya buɗe masa hikayoyin Gabas, Turancin kwaleji ya buɗe masa na Turai, Hausar kasuwa da ta fada kuma tana kunnensa tun yana yaro.

Littattafai biyar aka buga daga gasar. Akwai Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai nasa, Ruwan Bagaja. Babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausa da waɗannan marubuta za su duba su yi koyi da shi. Imam ya warware wannan matsala ta hanyar komawa ga labaran da jama'ar wasu ƙasashe suka daɗe suna so, ya duba abin da ke riƙe mai sauraro a cikinsu.

Ƙashin bayan Ruwan Bagaja tsoho ne ƙwarai: ɗan sarki ba shi da lafiya, maganinsa wani ruwa ne da ke can nesa, sai wani ya ɗauki alkawarin nemo shi. Masu nazari sun daɗe da nuna kamanninsa da labarin Ruwan Rai na cikin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Jamusawa, Grimm. Amma Imam bai bar tafiyar ta zama ta neman magani kawai ba. Ya sa aka wulaƙanta Liman, mijin uwar jarumin, a gaban fada don ya ambaci wannan ruwa, sai Alhaji Imam ya fita don ya wanke shi daga zargin ƙarya. Da wannan, tafiyar ta zama ta kare mutuncin gida, abin da kowane Bahaushe ya san nauyinsa ba sai an yi masa bayani ba.

Tafiya mai tsawo tana iya gundurar mai karatu idan jarumi shi kaɗai yake yi. A nan ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya shigo. Gari bayan gari sukan haɗu, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama a zango na gaba, ta yadda kowane babi yakan rufe da bashin da ba a biya ba. Wannan salo ya fito ne daga Maƙamatul Hariri, littafin da malaman zaure suka sani sarai, inda mai ba da labari yake ta cin karo da mayaudarin nan Abu Zaidi a birane daban-daban cikin kama daban-daban. Abin lura shi ne Imam bai raba halin kirki da na banza tsakanin mutanen biyu ba. Jarumin nasa ma maƙaryaci ne idan ta kama, kuma da yawan masu karatu sun fi tuna Zurƙe fiye da ruwan da aka fita nema.

Littafin yana da rauninsa. Mutanen cikinsa ba sa canzawa daga farko har ƙarshe, matan ciki ba su da wani tasiri sosai, kuma akwai babukan da za a iya musanya wurarensu ba tare da labarin ya girgiza ba. Aikin ɗan shekara 22 ne. Amma East ya ga abin da yake nema, har ya sa aka ba da aron Imam zuwa Zariya a 1936, inda ya yi wata shida yana aiki da tarin littattafan hikaya na Larabawa da Indiyawa da Turawa da aka ajiye masa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

A wannan karon matsalar ta bambanta. Labarai ne barkatai daga ƙasashe barkatai, daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Grimm da sauransu, ana so su zama littafi guda. Imam ya ɗauko dabarar aku mai ba da labari, wadda asalinta wani tsohon littafin Indiya ne da ya bi ta Farisa, inda aku yake ba wata mata labari kowane dare don ya hana ta fita wurin masoyinta alhali mijinta yana tafiya. Wannan ba zai shiga ajin makarantar Arewa ba, kuma ba zai yi daɗi a kunnen iyaye ba. Sai ya juya shi ya koma rikicin gadon sarauta: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri maci amana yana jiran yaron ya fito daga fada a hallaka shi, aku kuma ba shi da makami sai bakinsa. Duk daren da labari ya gaza riƙe Musa har gari ya waye, ran yaron ne a bakinsa. Saboda haka mai karatu yana bin labari biyu lokaci guda, ƙaramin da aku yake bayarwa da babban da ke jira a ƙofar fada. A juzu'i na biyu dalilin ba da labarin ya koma gasa tsakanin aku da wani akun, a na uku kuma ya koma tarbiyya, inda aku, wanda ya riga ya zama waziri, yake koyar da ɗansa Fasih.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wurin sa wa baƙon labari rigar gida. Labarin Sarkin Busa ya samo asali daga na mai sarewar garin Hamelin na Jamus. Na Kalala da Kalalatu kuma ya yi daidai da wata tatsuniyar Grimm ta kuku mai wayo da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta tsorata baƙon ya gudu, sannan ta ce wa maigida shi ya sace su. A hannun Imam kukun ta zama matar gida, rikicin ya zama na miji da mata da kunyar baƙo, har yaran da suka karanta shi a firamare suka girma suna ɗauka a unguwarsu aka yi. Sunaye, sarautu, gaisuwar fada, kirari, rantsuwa da zagin wasa duk ya musanya su, ya kuma ɗora karin magana a kan labarai da yawa a matsayin kanunsu. Jimlolinsa na mai magana ne, shi ya sa littafin ya fi armashi idan ana karanta shi da ƙarfi.

An sha muhawara a jami'o'i kan ko wannan ƙirƙira ce ko fassara. Duk wanda ya taɓa aikin fassara ya san cewa mayar da kalma wata kalma shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Mai wuya shi ne a sa abin dariyar wata al'umma ya ba wata dariya. Su kansu 'yan'uwan Grimm daga bakin mutane suka tattara nasu, Dare Dubu da Ɗaya kuma ya ɗebo daga Indiya da Farisa kafin ya zama na Larabawa. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne littafin bai bayyana wa mai karatu tushen kowane labari ba, sai daga baya masu bincike suka bi sawu.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta Bahaushe na farko, ya yi shekara 12 a kujerar. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga a can, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan siyasa da aikin gwamnati suka ja shi: majalisa, Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, daga baya kuma sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Ya ci gaba da rubuce-rubucen tarihin Musulunci da na ilmantarwa, amma bai sake zama ya gina dogon ƙagaggen labari ba, kuma wannan rashi ne ga adabin Hausa, domin ya bar fagen tun bai cika shekara 30 ba.

Marubutan adabin kasuwar Kano da suka ɓullo a shekarun 1980 sun sauya jigo zuwa soyayya da aure da kishi, amma raba littafi kashi-kashi da yanke labari a daidai inda hankali ya tashi, dabarar aku ce da Musa. Haka ma masu sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp a yau, waɗanda dole kowane shafi ya sa a jira na gobe.

Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tace, ya fito a 1989.