Fabricius: Malamin Da Ya Raɗa Wa Ƙwarin Wakenmu Suna

Duk manomin da ya taɓa buɗe buhun wake ya tarar ya zama gari, ya san ƙwaron nan mai huda shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sunan da masana ke kiran jinsin wannan ƙwaro da shi, wato maculatus, tun shekarar 1775 aka raɗa masa, kuma wani malamin jami'a mai suna Johan Christian Fabricius ne ya raɗa. Shi ne dai a 1787 ya fara bayanin ƙwaron da tsutsarsa ke cin fure da kwasfar wake, wanda yau ake kira Maruca vitrata. A matsayina na mai nazarin harshe, na ga ya dace mu san mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan raɗa suna.

An haifi Fabricius a 1745 a garin Tonda na ƙasar Denmak, mahaifinsa likita ne. A 1762 ya tafi Ufsala ta ƙasar Suwidin, ya yi shekara biyu yana ɗaukar karatu a gaban Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu. Amma almajirin bai tsaya inda malaminsa ya tsaya ba. Linnaeus ya karkasa ƙwari bisa fukafukansu, shi kuwa Fabricius sai ya dubi bakinsu, domin a ganinsa baki ne ke nuna abin da ƙwaro ke ci, da yadda yake rayuwa. A kan wannan ya gina littafinsa Systema Entomologiae na 1775. Sunan Odonata da ake kiran dangin mazari da shi har gobe nasa ne, daga kalmar Girkanci mai nufin haƙori.

A shekarar ta 1775 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Kil, wadda yanzu ke cikin Jamus, a lokacin kuwa tana ƙarƙashin sarkin Denmak. An yi masa alkawarin gidan adana halittu da lambun bincike, amma alkawarin ya sha ruwa. Ransa ya ɓaci har ya nemi ajiye aiki ba sau ɗaya ba, a wani karon ɗalibansa ne suka kai kuka ga sarki aka hana shi tafiya. To, maimakon ya naɗe hannu, sai ya mayar da ma'ajiyar wasu tasa. Ya riƙa zirga-zirga zuwa Landan da Faris da Kofenhagen, yana duba akwatunan ƙwari na irin su Joseph Banks da William Hunter, yana rubuta bayanin kowane ƙwaro a taƙaice da Latin. Kafin rasuwarsa a Kil a 1808, ya bayyana jinsin ƙwari kusan dubu goma, ninki uku na abin da malaminsa ya yi.

Ƙwarin da ya yi aiki a kansu suna nan soke da allura a gidajen tarihi na Kofenhagen da Landan da Gilasgo. Idan gardama ta tashi kan ko wane ƙwaro ne wani suna ke nufi, can ake komawa, kamar yadda mu ma kan koma ga ƙamus. Suna ba ya da amfani idan ba a adana mai sunan ba.

Abin lura gare mu shi ne, irin waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019 don jure wa Maruca, ba zai samu ba sai da aka fara tantance abokin gaban. Amma yaya muke riƙon akwatunan ƙwari da busassun ganyayyaki da ke jami'o'inmu? Mutum nawa muke horarwa su gaji masu kula da su? Aiki ne maras hayaniya, ba ya kawo kwangila, shi ya sa idan kuɗi suka yi ƙaranci shi ake fara mantawa. Alhali da tsohuwar zuma ake magani. Ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da su ware wa waɗannan ma'ajiyoyi kasonsu, kafin gara ta cinye abin da magabata suka tara. Allah Ya sa mu gane.